Yadda roka ke dawowa ta sauka a tsaye bayan an harba ta

Tambaya: Na ga bidiyon wata roka ta kamfanin SpaceX ta sauko daga sama, ta tsaya cak a kan wani dandali a tsakiyar teku. Ta yaya ake yin haka, kuma me ya sa ba duka rokar ke dawowa ba?

Amsa: Malam, abin da ka gani ɓangaren ƙasa ne na rokar Falcon 9. Rokar hawa biyu ce, tsawonta mita 70. Hawan ƙasa yana da injuna 9 masu suna Merlin, waɗanda ke ƙona tataccen kananzir da iskar oksijin da aka sanyaya har ta zama ruwa. Wajen minti biyu da rabi bayan tashi sai hawan biyu su rabu. Na sama ya wuce da tauraron ɗan adam, na ƙasa kuma ya fara shirin komowa.

Da farko wasu ƙananan bututai ne ke fesa iskar naitirojin su juya shi, injuna su fuskanci inda ya dosa. In doron ƙasa zai koma, sai a kunna injuna su mayar da shi baya. In kayan da ya ɗauka sun yi nauyi, mai ba zai isa wannan ba, sai a ajiye masa jirgin ruwa mara matuƙi can gaba cikin teku. Yana dab da shiga iska mai kauri sai a kunna injuna 3 don rage gudu, domin gogayya da iska na iya ƙona gindinsa. Daga nan fikafikai 4 na ƙarfen taitaniyom da ke can samansa su ne sitiyari.

Wahalar tana a daƙiƙun ƙarshe. A lokacin tankuna sun kusa ƙarewa, rokar ta yi shafal, har inji guda ɗaya, ko an rage masa wuta iya ragewa, ƙarfinsa ya fi nauyinta. Ke nan ba za ta iya tsayawa a iska tana laluben wuri ba. Dole kwamfuta ta kunna injin a daidai lokacin da gudun zai ƙare daidai da taɓa dandali, kamar direban da aka ba damar taka birki sau ɗaya tak. In ta yi saurin kunnawa, rokar ta tsaya a sama ta fara komawa. In ta makara, ta tarwatse. Ƙafafu 4 kuwa sai a ƙarshen ƙarshe suke buɗewa.

Yawancin hasarar da aka yi, ƙananan abubuwa ne suka jawo ta. A Janairun 2015 man da ke motsa fikafikan ya ƙare kafin sauka. A Janairun 2016 wata ta sauka lafiya, amma ƙafa ɗaya ba ta kulle ba, ta kife. A Fabrairun 2018 ɓangaren tsakiya na Falcon Heavy, wato rokar SpaceX mai hawan ƙasa uku a jere, ya faɗa teku saboda sinadarin kunna injuna ya ƙare. Saukar farko mai nasara an yi ta ran 21 ga Disamba 2015 a Cape Canaveral ta jihar Florida, ta kan teku kuma ran 8 ga Afrilu 2016.

Hawan sama ba ya dawowa saboda gudu. Don ya shiga falaki, wato ya riƙa kewaya duniya, sai ya kai kimanin kilomita 28,000 a awa, ninki uku ko fiye na gudun hawan ƙasa. Dawo da shi na buƙatar garkuwar zafi da ƙarin mai, kuma kusan kowane kilo da aka ƙara masa, kilo ne aka rage daga kayan da zai kai. Ko dawo da hawan ƙasa ma ba kyauta ba ne: zuwa falaki mai nisa, Falcon 9 na ɗaukar tan 8.3 in za a yar da shi, amma tan 5.5 in za a dawo da shi.

Wannan matsala ce ake son warwarewa da Starship, wata babbar roka ta SpaceX, wadda aka tsara hawanta biyu su riƙa dawowa. Ran 13 ga Oktoba 2024, a kudancin Texas, hannuwan hasumiyar harbawa suka cafke hawanta na ƙasa mai injuna 33 tun bai taɓa ƙasa ba. Hikimar ita ce nauyin ƙafafu ya koma kan hasumiya. Sannan iskar gas take ƙonawa, wadda ba ta barin baƙin toka a inji kamar kananzir, don haka gyara tsakanin tafiya da tafiya zai fi sauƙi.