Sa Ido Kan Suwic Daga Nesa: Me Ke Goge Rajistarsa?

Tambaya: Malam, ni ke kula da intanet ɗin wata makaranta. Muna da suwic na Cisco, na'urar da ke haɗa kwamfutoci ta waya, a wani gini daban, kuma kullum sai an kira ni wai layi ya yanke. Kafin in isa an kashe an kunna, in duba rajistar da yake rubuta abin da ya faru in tarar babu komai. Yaya zan riƙa sa masa ido daga ofis?

Amsa: Ɗan'uwa, yawancin suwic a ƙwaƙwalwar RAM suke ajiye rajistarsu, ita kuwa da an ɗauke wuta take gogewa. Wanda ya kashe ya kunna ya share maka shaida ke nan.

Saboda haka fitar da rajistar waje. Ware tsohuwar kwamfuta mai Linux, ka kunna mata rsyslog, manhajar karɓar rajista, ka ɗora ta kan inbata. A suwic ɗin ka rubuta umarnin logging host tare da lambar IP ɗinta, wato adireshin kwamfutar, saƙonni za su riƙa isa ta ƙofar UDP 514. Matakansu takwas ne, daga 0, mafi tsanani, zuwa 7. Ni a mataki na 5 nake tsayawa, don a nan za ka ga LINK-3-UPDOWN da LINEPROTO-5-UPDOWN, masu nuna ƙofar suwic (inda ake cusa waya) da ke yankewa tana dawowa. Mataki na 7 surutu ne kawai, sai in ana farautar wata matsala.

Amma kafin komai gyara agogo. Tsofaffin suwic na Cisco da yawa, in suka tashi, komawa suke 1 ga Maris 1993. Wa zai gane abin da ya faru jiya da azahar da irin wannan kwanan wata? Haɗa dukkansu da sabar NTP guda, mai daidaita agogo.

Sai dai suwic ɗin da ya mutu ba ya aiko da labarin mutuwarsa. Nan SNMP, hanyar tambayar na'ura halin da take ciki, ke shigowa: manhaja irin LibreNMS ko Zabbix ce ke tambayarsa lafiya ta ƙofa 161, in ya yi shiru ta sanar da kai. LibreNMS duk minti 5 take zagayawa, don haka gajeriyar yankewa na iya kuɓuce mata, amma galibi rajista na kama ta. Yi amfani da SNMPv3. Na v2c a fili yake tura kalmar sirri, wasu ma a kan kalmar "public" da kowa ya sani suke barinta.

In saƙon yankewa ya yi ta fitowa daga ƙofa ɗaya, fara da duba wayarta da kan da aka matse mata.