Tambaya da Amsa: kalkuleta, kuɗin lesin da lissafin gudun mota

Wata uwa daga Aboabo ta rubuto: "Malam, ɗana zai zana WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, bana. An tambaye su a gwaji: mota ta yi kilomita 240 da gudun 60 a awa, ta dawo da gudun 40, nawa ne matsakaicin gudunta? Ya rubuta 50, aka soke. Ya ce laifin kalkuletarsa ne, in sayo sabuwa. Hankalina a tashe yake."

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, kuɗin kuma ki ƙulle su a bakin zane tukuna. Kalkuletar lafiyarta ƙalau, abin da aka danna mata ta bayar. Yaron ya haɗa 60 da 40 ne ya raba biyu, kuma yara da yawa a nan suke zamewa. Ki ce ya ɗauka tafiyar Kumasi zuwa Ankara (Accra) ce, tunda nisan ya kusa haka. Zuwa, 240 a raba da 60, awa 4. Dawowa, 240 a raba da 40, awa 6. An ci kilomita 480 ke nan cikin awa 10, amsa 48. Motar ta fi daɗewa tana jan ciki, shi ya sa 40 ta rinjayi amsar zuwa gefenta. Raba biyun nan yana yin daidai ne kawai idan lokacin da aka ɗauka a kowane gudu ɗaya ne. Ya riƙe wannan: dukan nisa a raba da dukan lokaci. In an ce direba ya tsaya rabin awa a Nkawkaw, kuma ana tambayar tafiyar gaba ɗaya, rabin awar nan tana cikin lissafi. Awa ɗaya da minti 30 kuwa 1.5 ake dannawa, kada ya danna 1.30.

Wani ɗalibi daga Asawase ya ce ya ga kalkuleta Casio fx-991ES Plus a tebur bakin titi kusa da Kejetia, rabin kuɗin da ake sayarwa a shagunan Adum. Yana tambaya ko ya saya.

Ɗana, a'a. Kai ma ka san kuɗinta, me zai sa wani ya yafe maka rabi? Wannan abu yana ci mini rai, domin kowace shekara iyaye suna tara sidi da gumin goshi su zuba a kayan jabu. Kwalin ya yi kyau, sunan ma an buga, amma maɓallan suna rawa, rubutun kansu yana gogewa, wani lokaci gilashin da ke karɓar hasken rana ma ado ne kawai. Ba ranar saye take nuna halinta ba, sai yaro ya zauna a ɗakin jarrabawa ta ɗauke, alhali ba a ba da aro a wurin. Mai teburin kuma in ka koma gobe, ƙila ba ka same shi ba. Araha ba ta ado. Ka je shagon da ke da ƙofa da rasit. Ka ciro ta daga kwali a gabansu, ka danna kowane maɓalli, ka gwada lissafin da ka riga ka san amsarsa. In sun hana ka gwadawa, ka fita. Kada kuma wani ya ruɗe ka da mai tsada wadda ake ɗora wa manhaja, WAEC, hukumar da ke shirya jarrabawar, ba ta yarda da irinta. In kuɗin bai kai ba, ta yayanka da ya gama bara ta fi sabuwar jabu, batir kawai za ka canza.

Wani ya tambaya ko ya tura kuɗi ta MoMo, wato ta waya, ga mai sayar da apo, wato satar tambayoyin jarrabawa, a WhatsApp. Har wannan sai an tambaya? Ko dai ya cinye kuɗinka, ko a kama ka a soke sakamakonka. Kada ka tura.

Wani Alhaji daga Sabon Zongo yana so ya san ko malamin lesin da yake biya duk wata ya cancanci kuɗin. Alhaji, ka ba yaron tambayar motar nan ta sama. In ya ce 48 kuma ya iya faɗa maka dalili da bakinsa, ka ci gaba da biya. In ya ce 50, ka nemi malamin ku zauna kafin ƙarshen wata, ka ce ya nuna maka littafin aikin yaron.