Alhaji, Dakata da Buga Kwalin Nan: Tambarin Abincin Gargajiya na Tarayyar Turai

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a arewacin Italiya, ina da ƙaramin wurin sarrafa pizza. Muna gasawa, mu daskarar a firiza, mu rarraba wa kantuna. Ina so in rubuta "Pizza Napoletana" a jikin kwalina tare da shuɗin tambarin nan mai taurari, domin na lura kayan da ke ɗauke da shi sun fi tsada. Sannan akwai wani haɗin miyar tumatir da ni na ƙirƙiro shi, masu saye suna yabawa, ina so in yi masa rajistar abincin gargajiya da sunan kamfanina kafin wasu su kwaikwaya. Ta ina zan fara, kuma nawa zan kashe?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi. Idan ka riga ka ba mai ɗab'i aikin kwalin, kira shi yau ka ce ya dakata. A yadda ka tsara, duka biyun ba za su yiwu ba, kuma kowanne da nasa dalilin.

Tarayyar Turai tana da tambari uku na irin wannan kariya, tun daga dokokin 1992. A Italiya za ka gan su da haruffan DOP, IGP da STG. Na farko, mai ja da rawaya, na kayan da komai nasu ya fito daga yanki guda ne, kamar cukun Parmigiano Reggiano ko Mozzarella di Bufala Campana. Na biyu, mai shuɗi da rawaya, ya isa a yi wani muhimmin mataki na aikin a yankin. Waɗannan biyun sunan yanki suke karewa: in ba a wurin kake yi ba, sunan ya haramta gare ka ko da ka fi mutanen wurin iyawa. Na uku, STG, wato tambarin abincin gargajiya, shi kake nufi, kuma shi babu ruwansa da inda masana'antarka take. Abin da ya dama shi shi ne hanyar yin abin da kayan haɗinsa. Mai gidan abinci a Milano ko a Hamburg yana da ikon sayar da Pizza Napoletana da tambarinta, muddin ya bi ƙa'ida kuma an bincike shi. Madarar Heumilch da aka yi wa rajista a 2016 haka take: makiyayi a Ostiriya da makiyayi a Jamus duk suna amfani da sunan, sharaɗin dai shanu su rayu a kan ɗanyar ciyawa da busasshiya, kada a ba su ciyawar da aka tsima. Dokar da ke aiki yanzu ita ce mai lamba 2024/1143, ta fara aiki a watan Mayun 2024, ta maye gurbin mai lamba 1151/2012.

To me ya hana ka, tunda wuri ba sharaɗi ba ne? Kundin ƙa'idar pizzar ne ya hana ka. Kowane suna da aka yi wa rajista yana da kundinsa, na Pizza Napoletana kuwa an amince da shi a 2010, kuma ya bi komai dalla-dalla. Curin kwaɓin ya kasance tsakanin giram 180 zuwa 250. Da hannu ake faɗaɗa shi, ba a yarda da abin murji ko inji ba. Faɗinta kada ya wuce santimita 35, bakinta ya tashi santimita 1 zuwa 2. A tanderun itace ake gasa ta, zafinsa wajen digiri 485, cikin daƙiƙa 60 zuwa 90. Duk wannan mai ƙoƙari zai iya cikawa. Inda kasuwancinka ya ci karo da kundin shi ne ƙarshensa: ana so a ci ta da zarar ta fito daga wuta, kuma an hana a daskarar da ita ko a zuƙe iskar leda a rufe ta don a sayar daga baya. Kai kuwa firiza ce ginshiƙin sana'arka. Ko ka gina tanderun itace, ka ɗauko gwani daga Napoli, birnin da pizzar ta samo sunanta, da ta shiga firiza sunan ya faɗi.

Wataƙila ka ce ai kana ganin daskararrun pizza da sunan a kantuna shekara da shekaru. Gaskiya ne an yi hakan, domin a da akwai rajista iri biyu: wadda ta keɓe sunan, da wadda ta keɓe tambarin kaɗai ta bar sunan ga kowa. Pizza Napoletana tana cikin kashi na biyu a lokacin. An rufe wannan ƙofar. Tun Disamban 2022 sunan kansa keɓaɓɓe ne, wanda bai bi kundin ba ba shi da ikon rubuta shi. Kuma kada mai zanen kwali ya ruɗe ka da dabarar sauya harafi ɗaya ko ƙara "irin ta" a gaban sunan. Doka ta hana kwaikwayo, ta hana duk abin da zai sa mai saye ya tuno da sunan da aka kare. A kan wannan ne Kotun Tarayyar Turai ta ce a 2008 kalmar "Parmesan" tana tuno da Parmigiano Reggiano, ko da yake haruffan ba ɗaya ba ne. A Italiya ICQRF, hukumar yaƙi da algus a kayan abinci, ita ce ke bin irin wannan, kuma asarar ba ta tsaya ga tara ba: kayan da aka kwashe daga kanta, kwalayen da za a zubar, da mai kantin da ba zai ƙara amincewa da kai ba.

Sai miyarka. A nan kuskuren ya fi zurfi, kuma 'yan kasuwa da yawa suna faɗa masa, don haka bari in ɗan daɗe a kai.

Kana ɗaukar rajistar STG kamar takardar mallaka, a ba ka ita ka hana kowa. Akasin haka take aiki. Ranar da aka yi wa abu rajista, ana wallafa yadda ake yin sa a mujallar hukuma ta Tarayyar, kowa ya karanta, kuma duk wanda ya bi yana da ikon amfani da sunan, har da abokin gasarka na bayan layi. Kai da ke gudun a kwaikwaye ka, ka ga da hannunka za ka miƙa sirrin. Ƙari a kan haka, kai ma ka ɗaure kanka: in gobe ka ga dama ka sauya nau'in mai ko ka rage gishiri, ba ka da iko sai an bi hanyar gyaran kundi. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Ko da ma kana so, miyar ba ta cika sharaɗi ba. "Gargajiya" a wannan doka tana da ma'auni: a tabbatar an yi amfani da abin na tsawon lokacin da ya isa a gada daga iyaye zuwa 'ya'ya, aƙalla shekara 30. A dokar 2006 shekara 25 ce, aka ƙara. Tabbatarwar kuma da hujja ce, tsofaffin littattafan girki, takardun ciniki, rubuce-rubucen da suka ambaci sunan. Abin da mutum ya ƙirƙiro da kansa, komai daɗinsa, sabo ne. Sannan ba kasafai mutum ɗaya ko kamfani ɗaya ke neman wannan rajista ba. Galibi ƙungiyar masu sarrafa abin ce ke nema.

Tunda ka tambayi ta inda ake farawa, ga yadda take tafiya, ko don wata rana ka shiga ƙungiyar da ke nema. Ƙungiya ta rubuta kundi: sunan, siffar abin, hanyar yi, da hujjar daɗewarsa. Ta miƙa wa hukumar ƙasarta, a Italiya ma'aikatar gona. Ƙasa ta duba, ta ba 'yan ƙasa damar ƙorafi, sannan ta tura Brussels, hedkwatar Hukumar Tarayyar. Hukumar Tarayyar tana da kimanin wata 6 ta yi nata binciken, ta wallafa, a buɗe wata 3 ga duk mai ja daga wata ƙasa. In babu, suna ya shiga rajistar eAmbrosia, wadda kowa zai iya buɗewa a intanet kyauta. A takarda abin kamar gajere ne. A aikace shekaru ake yi, musamman in sunan ya riga ya zama abin cin abincin mutane da yawa.

Dubi abin da ya faru da döner, gasasshen naman nan mai kama da shawarma. Wata ƙungiya daga Turkiyya ta nemi a yi masa rajistar STG a 2022, aka wallafa buƙatar a 2024. Kundin nata ya ce naman sa sai na dabbar da ta kai wata 16, kuma bai sa naman maraƙi da na talotalo ba, alhali da su ake yin döner mai yawa a Jamus. Da an amince, dubban masu shaguna sai dai su sauya haɗi ko su sauya suna. Jamus ta ƙi, aka yi ta ja, a 2025 ƙungiyar ta janye. Ni a ganina wannan ya nuna ainihin abin: rajistar nan rigimar wane ne zai yanke yadda ake yin abu ce, kuma ƙaramin ɗan kasuwa shi kaɗai ba shi da ƙarfin shiga irinta.

Maganar tsada kuma, ka yi gaskiya amma da sauran bayani. Binciken da Hukumar Tarayyar ta fitar kan cinikin 2017 ya nuna an sayar da kayan da ke da sunaye masu kariya na kimanin Yuro biliyan 77. Daga ciki kusan biliyan 75 na sunayen da ke da alaƙa da yanki ne, wato rabon STG bai kai biliyan 3 ba. Binciken ya ce a jimlace irin waɗannan kaya suna ninka farashin takwarorinsu, sai dai kayan sha ne suka ja lissafin sama. A kayan abinci ƙarin wajen rabi ne. Sunayen STG ma gaba ɗaya ba su kai 100 ba, alhali na yanki sun haura 3,000, shi ya sa masu saye da yawa ba su ma san tambarin ba. Kuma ƙarin farashi ba riba ba ce. Kafin kaya su shiga kasuwa da tambarin sai hukuma ko kamfanin tantancewa mai izini ya zo ya duba, ya riƙa dawowa, kuma galibi mai kaya ke biyan kuɗin. Ka haɗa da kayan haɗin da kundi ya wajabta da aikin hannu maimakon inji. Duk mai son shiga ya fara neman farashin tantancewa a rubuce, ya raba shi a kan adadin da yake sayarwa a shekara, ya ga ko ƙarin da mai kanti zai yarda ya biya ya rufe shi.

In har zuciyarka na kan sunan Napoletana, hanyar halal ɗaya ce: ka buɗe wurin ci a nan take, da tanderun itace, ka yi rajista da mai tantancewa. Wannan wata sana'a ce daban da wadda kake yi, da jarinta da ma'aikatanta, kada ka shige ta don tambari kawai. In ka shiga, sa tambarin wajibi ne ga kayan da aka yi a cikin Tarayyar, kuma ya zauna inda ido zai gan shi tare da sunan.

Abin da kasuwancinka ke buƙata yanzu alamar kasuwanci ce, sunanka na kanka wanda kai kaɗai ke da shi. Ofishin rajistar alamar kasuwanci na Tarayyar, EUIPO, da ke Alicante a Sifaniya yana karɓar Yuro 850 in ka nema ta intanet a rukunin kaya ɗaya, rukuni na biyu ƙarin Yuro 50, kuma tana kare ka a ƙasashe 27 na shekara 10, ana sabuntawa. In Italiya kaɗai kake sayarwa, rajistar cikin gida ta fi sauƙi. Ka zaɓi sunan da ba ya bayyana kayan kawai, domin ba za a ba ka mallakar kalmomi irin "miyar tumatir mai daɗi" ba, kuma kada ka cusa Napoli a ciki ta hanyar da za ta jawo maka abin da muka gama magana a kai. Alamar tana kare suna, ba ta kare haɗi. Haɗin miya sirri ne ke kare shi: ka rage waɗanda suka san ma'aunin, waɗanda suka sani kuma su sa hannu a yarjejeniyar riƙe sirri.

Kwalin da za ka sake bugawa, dokar 1169/2011 ce ke hukunta shi, da tambari ko babu. Sunan abincin na gaskiya, da bayanin cewa daskararre ne. Jerin kayan haɗi daga mafi nauyi zuwa ƙasa. Abubuwa 14 da jikin wasu ba ya karɓa sai an fito da su da rubutu mai kauri ko makamancinsa, a pizza kuwa alkama da madara ba makawa. Nauyi, ranar da ya fi kyau a ci kafin ta, yadda za a adana da yadda za a gasa, sunan kamfani da adireshi, da jadawalin sinadaran gina jiki a kan giram 100. Tsayin ƙananan haruffa kada ya gaza milimita 1.2, harshen kuma wanda masu saye a ƙasar ke fahimta, wato Italiyanci a wurinka. Ranar da ka fara kai kaya Faransa sai ka ƙara Faransanci. In ka zana ganyen basil ko ka ambaci cuku a sunan kayan, sai ka faɗi kashi nawa ne cikin ɗari. Kalmar "tradizionale", wato na gargajiya, ma ka yi hattara da ita a kan miyar da ka ce kai ka ƙirƙiro, domin dokar ta hana duk bayanin da zai ɓatar da mai saye. Kafin ka biya mai ɗab'i, kai zanen wurin masanin dokar abinci ya duba shi layi-layi, sannan ka buga kaɗan ka gwada da kanti ɗaya ko biyu.