Filin Tambayoyin Mota: Zafin BMW, Giyar Marsandi da Rikicin Wayar Fijo

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da BMW 325i ƙirar E46, ta 2003, mai giyar otomatik. Da na shiga cunkoso sai allurar zafi ta fara haurawa, amma a babban titi lafiya lau. Makanike ya ce a cire tamostat, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin inji, a haɗa fanka kai-tsaye, wai don ƙasar sanyi aka ƙera motar. In yarda? (Mai karatu daga Kano)

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yarda. Injin M54 da ke cikin motarka an tsara shi ya yi aiki da zafi sosai, kuma kwamfutar injin tana da hannu a kan tamostat ɗin, shi ya sa za ka ga waya a jikinsa. Idan aka cire shi, injin zai daɗe bai ɗau zafi ba, kwamfuta ta yi ta ƙara fetur, fulogi su yi baƙi, ciwon asali kuma yana nan.

Tambayarka ma ta nuna inda za a fara. Motar da ke zafi a tsaye ta huce a guje, iska ce ba ta ratsa lagireto. Irin taka fanka biyu gare ta: ta jikin inji mai kuloci, da ta lantarki a gaba. Kunna AC ka leƙa, ta lantarkin ya kamata ta tashi. Ta jikin injin kuwa, idan inji ya yi zafi amma tana juyi sakwa-sakwa ba ta huro iska da ƙarfi, kulocinta ya mutu. A kuma duba tsakanin lagireto da kwandensar AC, inda ƙurar hunturu da ledoji ke taruwa su zama kamar tabarma. A wanke da ruwa marar ƙarfi, don injin wankin mota yana lanƙwasa haƙoran lagireto.

Sai maganar roba, wadda ita ce ainihin abin da ke ɓata wa masu wannan mota rai. Tankin ruwa roba ne, gidan tamostat roba ne, bakin tiyo roba ne, wasu famfunan ruwan ma farfelarsu roba ce. Robar da ta shekara 20 tana shan zafi ta gama aiki. In ka canja ɗaya yau, na kusa da shi zai fashe wata mai zuwa, ka ga kamar motar ce ke da aljanu. Mu dai shawararmu a canja su lokaci guda: tanki da murfinsa, tamostat, famfon ruwa, da tiyo na sama da na ƙasa. Sababbi za a saya. Tankin Baljiyam sa'an wanda ka cire ne.

Motar tana cin ruwa wajen lita 8, rabi ruwan sanyaya inji, rabi tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, ba asid ba. Ruwan burtsatse yana barin kanwa-kanwa a ciki. Wajen zubawa, inji a sanyaye, a murɗa makulli ba tare da an tayar ba, a kai hita ƙarshen zafi, a sassauta ɗan sukurun fitar da iska da ke kusa da bakin tanki, a riƙa zubawa a hankali har ruwa ya fito ba kumfa. Sukurun shi ma roba ne, a ɗaure shi da tausayi.

Abu na ƙarshe: allurar zafin wannan mota takan zauna a tsakiya ko da zafin ya ɗan hau. Duk sa'ad da ka ga ta motsa, to abin ya yi nisa, faka ka kashe. Jikin injin alminiyam ne. Zafi ɗaya mai tsanani kan lanƙwasa kan silinda, har ya zare zaren notinan da ke riƙe shi.

Tambaya: Marsandi C240 ce da ni, ƙirar W203. Wani lokaci giya takan maƙale a ta biyu, ta ƙi gaba. An ce in sayi giyabos na Baljiyam. (Wata mai karatu daga Kaduna)

Amsa: Hajiya, riƙe kuɗinki tukuna. Wannan maƙalewa da gangan motar ke yi: idan kwamfutar giya ta ga abin da ba ta gane ba, sai ta tsaya a giya guda don ki lallaɓa ki kai gareji. Giyabos ɗin, wanda ake kira 722.6, yana cikin masu ƙarko, kuma abubuwa biyu ƙanana ne suka fi jawo haka.

Na farko soket ne mai ƙafa 13 a gefen giyabos. Zobban robarsa kan saki, man giya ya bi cikin waya kamar yadda kananzir ke bin lagwani, har ya isa kwamfutar giya. A zare soket ɗin a duba; in da mai, a canja shi, a buɗe kwamfutar a tsane ta. Na biyu farantin lantarki ne da ke cikin giyabos, wanda ke ɗauke da sansa biyu masu auna gudu. Ana kwance tiren ƙasa a kai gare shi, ba sai an sauke giyabos ba.

Kafin a taɓa komai, a sa na'urar da ke karanta kwamfutar giyar Marsandi. Ƙananan na'urorin nan na aljihu galibi inji kawai suke gani. Bayan gyara kuma a goge lambar matsalar, in ba haka ba tana iya ci gaba da maƙalewa.

Man da za a zuba ya zama mai lambar MB 236.14, tare da sabuwar filta da gasket; wajen lita 4 kan fita daga tire. Motar ba ta zuwa da sandar awon man giya, akwai ta musamman, kuma ana aunawa ne inji na aiki, mai yana kan zafin digiri 80. Idan man da aka juye ya fito kamar shayi da madara, ruwan lagireto ya shiga, sai an canja lagireton an wanke giyabos.

Tambaya: Tun da aka canja wa Fijo 307 ɗina batir, waifa da fitilu da makullin ƙofa suke abin da suka ga dama. (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Waɗanda suka saba da 504 da masana'antar Kaduna ta riƙa haɗawa bayan buɗe ta a 1975 sun san Fijo mai haƙuri. 307 ba haka take ba. Tana da akwati da ake kira BSI, shi ke ba waifa, fitilu da ƙofofi umarni, kuma yana rikicewa in aka fizge kan batir bai yi barci ba.

Ga yadda ake yi: sauke gilashin direba, buɗe bonet, kashe komai, cire makulli, rufe ƙofofi, ka jira minti 3 kafin ka cire kan batir. Bayan ka mayar, ɗan jira, ka miƙa hannu ta taga ka kunna ƙananan fitilu, sannan ka murɗa makulli. In rikicin bai tafi ba, a auna batir: volt 12.6 a kashe, tsakanin 13.8 da 14.4 in inji na aiki. Kada mai waya ya cire kan batir inji na aiki wai yana gwada caji. A kuma taɓa kafet ɗin gaba, domin ruwan da ya shiga BSI yana kawo irin wannan rikici sak.