Kadojin Amurka da sanyin hunturu

Malam, ka tambayi yadda kadojin Amurka ke tsira idan sanyi ya kankama. Lafawa suke yi. Zafi na sauka ƙasa da digiri 21 a ma'aunin Selshiyos sai su daina cin abinci, in sanyin ya ƙaru su shige ramukan gaɓar ruwa, bugun zuciyarsu ya ragu. In ƙanƙara za ta rufe tafki, kada kan turo hancinsa sama ta daskare kewaye da shi, yana numfashi, kamar yadda aka gani a jihar Karolina ta Arewa a 2018.

Jikinsu ba ya samar da ɗumi da kansa, kamar ƙadangaren da nakan gani a sandare da safiyar hunturu har sai rana ta ɗaga. Amma fa in daskarewar ta daɗe, tana iya halaka su.