Amsa ga ƙanena kan Kamala, Obama da zancen launin fata a zaɓen Amurka

Salam ƙanena, ya gida ya su Hajiya, ya kasuwa. Tambayarka ta iso, kuma na ga irin ja-in-jan da kuka yi ta yi kai da abokanka, wasu na cewa Kamala Harris ba baƙa bace 'yar Indiya ce, wasu na cewa ai Obama ma uwarsa Baturiya ce to don me ake ce masa baƙi, kai kuma kace mu da muka daɗe a nan mu faɗa maka tsakani da Allah wai launin fata muke bi mu yi zaɓe ko yaya abin yake. To bari in maka bayani yadda muke ganinsa a nan Bronx, zai ɗan yi tsawo kayi haƙuri.

Inda lissafinku yake samun tangarɗa shine kuna auna mutanen nan da mudun gida. Mu a wajenmu ɗa na ubansa ne. Bahaushe ya auri Bayarabiya ko Balarabiya ko Baturiya abin da aka haifa Bahaushe ne, babu mai tsayawa duba hasken fatarsa, a ɗaki ɗaya ma zaka ga wannan fari tas, wannan baƙi wuluk, wancan wankan tarwaɗa, kuma uwa ɗaya uba ɗaya. Mu ma an yi bauta a ƙasarmu, wannan ba abin ɓoyewa bane, amma ɗan da ƙwarƙwara ta haifa wa ubangidanta ɗa ne, yana cin gado har sarauta ma yana yi. A nan akasin haka aka yi kuma zama aka yi aka rubuta shi a doka. A 1662 a Bajiniya suka ce ɗa matsayin uwarsa yake bi, in uwar baiwa ce shi ma bawa ne ko da ubansa shine farin da ya mallaki gonar. Kaga kenan mutum zai haifi ɗan cikinsa kuma doka ta bashi dama ya kai shi kasuwa. Bayan an soke bauta a 1865 abin bai mutu ba, sai ya rikiɗe ya koma cewa duk wanda aka san yana da kaka baƙi ko ɗaya ne a jininsa to baƙi ne, komai haskensa. Akwai wani Homer Plessy a New Orleans, cikin iyayen kakanninsa takwas ɗaya ce kawai baƙa, in ka ganshi a hanya baka bambanta shi da Bature, amma aka kama shi don ya zauna a taragon farare a jirgin ƙasa, kuma a 1896 kotun ƙoli ta ce dokar wariyar daidai take. Auren baƙi da fari kuwa sai 1967 kotun ta halatta shi a duk ƙasar. Lokacin da iyayen Obama suka yi aure a Hawai a 1961, a jihohi da yawa wannan auren laifi ne da zai iya kai mutum gidan yari.

To kaga Obama ba shi ya zaɓi a ce masa baƙi don ya samu ƙuri'a ba, haka ƙasar ta riga ta tsara tun kafin a haifi kakansa. Ubansa ɗan Kenya ne, uwarsa farar fata 'yar Kansas, a hannunta da hannun iyayenta ya tashi, amma da ya tsaya bakin titi da dare yana tsayar da tasi direban ba zai tambayi wacece uwarsa ba. Kuma ka tuna da ya ci zaɓe a 2008 ba cewa aka yi rabinsa fari ne namu ne ba, cewa aka yi ba a Amurka aka haife shi ba, aka yi ta matsa masa har sai da ya fito da cikakkiyar takardar haihuwarsa ta Honolulu a 2011, kuma Trump na sahun gaba a masu wannan surutun.

Kamala ma haka. A Oakland aka haife ta a 1964, ubanta ɗan Jamaika ne wanda daga baya ya koyar da tattalin arziki a jami'ar Stanford, uwarta 'yar Indiya mai bincike kan cutar daji. Jami'ar Howard tayi a Washinton, wadda aka kafa don baƙaƙen fata tun 1867, mace bata zuwa can tana shekara sha takwas don tana hangen kujerar shugaban ƙasa bayan shekara arba'in. Shi yasa da Trump ya tsaya a gaban taron 'yan jarida baƙaƙen fata a Chicago ƙarshen watan Yuli 2024 yace wai da 'yar Indiya ce kwatsam ta koma baƙa, ni raina ya ɓaci gaskiya, kuma ba don ina ƙaunarta ba. Ina da 'ya'ya, akwai abokaina da suka auri matan nan farare da 'yan Sifaniyanci, 'ya'yansu na zuwa Islamiyya tare da nawa, in aka ce mutum ba zai iya zama abu biyu lokaci ɗaya ba to su aka zaga.

Amma fa kar ka ɗauka farare ne kaɗai suka tayar da maganar. Akwai wasu cikin baƙaƙen Amurka jikokin bayi, masu kiran kansu ADOS da makamantansu, da suke cewa Obama da Kamala 'ya'yan baƙin haure ne irinmu, kakanninsu basu noma auduga a Misisipi ba, basu sha bulala a Alabama ba, don haka kar a zo a cinye musu haƙƙi da sunan baƙar fata, musamman in ana zancen diyyar bauta ko gurbin karatu a manyan jami'o'i. Wasunsu suna wuce gona da iri har su zage mu, amma wallahi akwai gaskiya a cikin ƙorafinsu kuma mu muka jawo wani ɓangaren. Sau nawa nake ji a majalisa mutumin da ya sauka jiya jiya yana cewa waɗannan malalata ne, basa son karatu, kar ɗana ya yi abota da su. Mutum ya zo da digirinsa daga gida ko da jarinsa, bai san an hana kakan wancan rancen sayen gida a unguwa kaza ba, bai san an hana shi makaranta mai kyau ba, sai ya yanke hukunci. Ni duk inda naji wannan maganar bana shiru. Dokar da ta ba baƙaƙe cikakken 'yancin zaɓe a 1965 aka sa mata hannu, bayan an fasa wa masu zanga-zangar neman wannan 'yanci kai a gadar Selma ta Alabama, kuma a wannan shekarar dai aka canja dokar shige da fice wadda a da Turawan Yamma take fifitawa. Ba don wannan gwagwarmayar ba da ni da duk 'yan zangon Kumasi da Accra da suka cika Bronx, da 'yan Nijar da ke Greensboro, da 'yan Senegal na titi na 116 a Harlem, da wuya mu samu ƙofar shigowa balle katin zaɓe. Kuma masallatai da yawa da muka fara sallar Juma'a a cikinsu kafin mu tara kuɗi mu kama namu, na baƙaƙen Amurka ne da suka musulunta, su suka matsa mana a sahu.

Yanzu mu Hausawa ya muke ɗaukar kanmu a nan, don nasan wannan ne ainihin abin da kake son ji. A cikin gida mu Hausawa ne, tuwo da miyar kuka, suna da biki da zaman makoki, adashin mata, in an yi rasuwa a yi karo-karo a kai gawa gida ko a saya mata kabari a New Jersey. A masallaci mu Musulmi ne. Amma da zarar ka fita ƙofa kai baƙi ne kawai, ba Bahaushe ba Bafulatani ba Ibo, ɗan sanda bai san bambancin ba kuma bai damu ya sani ba. Takardar neman aiki, ta asibiti, ta makarantar yara, duk akwai gurbin da zaka nuna jinsinka, a ƙidayar 2020 ma a ƙarƙashin baƙar fata suka ba da fili ka rubuta asalinka, Najeriya ko Somaliya ko Haiti. Abin mamaki Bamisire ko ɗan Labanan shekara da shekaru a cikin farare gwamnati take lissafa shi, sai a 2024 aka ware musu nasu gurbin, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka mutane ne suke zana layin nan suna gogewa.

Wanda duk yake shakkar cewa muna cikin wannan gurbin to ya tambayi tsofaffin Bronx labarin Amadou Diallo. Bafulatani ne daga Gini, yana talla a bakin titi, a watan Fabrairun 1999 'yan sanda huɗu suka harba masa harsashi 41 a ƙofar gidansa, 19 suka same shi, walat ɗinsa ya ciro ba makami ba, kuma kotu ta sallame su duka. Waɗanda suka fi fitowa zanga-zanga har aka yi ta kama su baƙaƙen Amurka ne, basu tsaya cewa ai ɗan Afirka ne ba namu ba. Tun daga nan duk uban da ke da hankali a cikinmu in ɗansa ya fara tuƙi sai ya zaunar da shi, in an tsayar da kai ka kashe mota, ka ɗora hannu biyu a kan sitiyari, kar ka sa hannu a aljihu sai ka faɗa tukuna, kar ka ɗaga murya ko kai ne da gaskiya. Na yi wa babban ɗana wannan huɗubar, kuma maƙwabcina ɗan asalin Karolina ya yi wa nasa irinta sak. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan kuwa su basu da wani ruɗani, in ka tambaye su zasu ce maka su baƙaƙe ne Musulmi iyayensu Hausawa, lokacin da ɗan sanda ya kashe baƙar fata George Floyd a 2020 su suka ja mu zuwa kan titi.

To shin wannan na nufin duk Kamala muka zaɓa? A'a, kuma a nan ne nake so ka gyara wa abokanka. Da farko ma ba kowa ke da ƙuri'a ba, sai wanda ya zama ɗan ƙasa, mai girin kad sai ya shekara biyar galibi kafin ya nema, da yawan masu zafin musu a ƙofar masallaci basu da ikon jefawa. Sannan mu na New York ƙuri'armu bata cika juya komai ba saboda tsarinsu na wakilan jihohi, 'yan uwanmu na Michigan da Pennsylvania da Georgia su ne ake zawarcinsu. Baƙaƙen fata gaba ɗaya fiye da takwas cikin goma ita suka ba, amma ai haka suka ba sauran 'yan takarar Democrat, Biden da Hillary da Kerry, waɗanda farare ne, har ma sun fi basu, kaga jam'iyya da tarihi ake bi ba fuska ba.

A cikinmu kuwa kai ya rabu sosai, ban taɓa ganin irinsa ba. Gaza ita ce babba. Mutane suna kallon gawarwakin yara a waya kullum kuma sun san da makaman da gwamnatin Biden ta bayar ake yi, ita kuma mataimakiyarsa ce, suka ce wallahi hannunsu ba zai dangwala mata ba ko ita ce autar baƙaƙe. A Michigan sama da mutum dubu ɗari suka ƙi zaɓar Biden a fidda gwani don wannan, kuma a Dearborn garin Larabawa Trump ne yazo na ɗaya a babban zaɓe. Wasu kuma tsadar haya da cefane ce ta dame su, wasu abin da ake koya wa yara a makarantun gwamnati kan jinsi da auren jinsi, wanda a gaskiya ni ma yana damuna kuma 'yan Democrat basa son sauraronmu a kai. Ɗaya ɓangaren suka ce ku tuna Trump ne ya hana 'yan wasu ƙasashen Musulmi shigowa a 2017, ya ƙara da Chadi, ya zo 2020 ya rufe wa 'yan Najeriya bizar zama, akwai waɗanda matansu da 'ya'yansu suka maƙale a gida saboda wannan, kuma shine ya tsaya a muhawara yace 'yan Haiti na cin karnuka da kyanwowin mutane a Springfield alhali hukumomin garin sun ce babu wata shaida. Ni a wannan ɓangaren na tsaya, na ba Kamala ƙuri'ata zuciyata na ƙuna, saboda ina da mutane a ƙarƙashina da takardunsu basu kammala ba. Matata kuma Jill Stein 'yar takarar jam'iyyar Green ta ba, tace ita ba zata iya tsayawa gaban Allah da waccan ƙuri'ar ba, ban yi mata musu ba don hujjarta ba ƙarama bace. Trump ya ci da wakilai 312 ita 226, kuma har yau akwai mutanen da basa zama inuwa ɗaya a masallacinmu saboda wannan zaɓen, limaminmu ya sha yin huɗuba a kai.

Kai da ka ga yadda aka yi a 2023 kan tikitin Musulmi da Musulmi, da yadda Kano ta bi Kwankwaso Legas ta bi Obi, kasan mutum na iya jin ɗan takara nasa ne kuma ya ƙi shi, ko ya ji ba nasa bane ya bi shi don wani dalili. Abin da nake roƙonka kawai, in abokanka sun sake ɗauko hoton matar nan suna auna haskenta, ko suna kiran baƙaƙen nan da sunayen raini, ka faɗa musu zancen 1662 da na Diallo, in sun ga dama su ci gaba da ƙin siyasarta wannan haƙƙinsu ne. Batun bizar karatun da ka tambaya kuma zan kira ka ranar Asabar in Allah ya kaimu, ka haɗa takardunka na jami'a kafin nan. Ka gaida Hajiya da kyau, kace mata maganin ƙafar yana hanya.