Amsa: Gefen filawud na ƙonewa a injin leza

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce injinka na CO2 yana baƙanta gefen filawud, akrilik kuma yana fita da kaushi. Kafin ka taɓa saiti, duba lens, wato gilashin da ke tattara hasken leza, da madubai ukun da ke cikin injin. Ƙurar hunturun Katsina ba ta ƙyale komai ba. Da ta kwanta a kansu haske zai raunana, sai ka rage gudu don ya huda, jinkirin nan kuwa shi ke ƙona katakon. Goge su da auduga da sinadarin isopropyl, a hankali, ban da dirza.

Filawud mai kaurin milimita 3 yana son iska sosai, wato wadda injin ke hurawa a wurin yanka. Manna masa tef ɗin takarda a fuska, in ka ɓare sai ya tafi da tabon hayaƙin. In allon ya kantare, danne shi ya kwanta, don tazarar milimita ɗaya ma tana ɓata tsinin hasken. Inda ya ƙi yankuwa kuwa, galibi gam ne ya taru a ciki, ba laifin inji ba ne.

Akrilik akasin haka ne. Rage iskar, ita ke sandarar da gefen kafin ya yi santsi, amma kada ka kashe ta ɗungurungum, yana kamawa da wuta. Ɗaga shi kaɗan daga kan ragar injin da ake ɗora allo a kai, kada ƙasansa ya yi tabo.

Ruwan da ke sanyaya tub, wato bututun da ke samar da hasken leza, kada ya haura digiri 25, balle da bazara. PVC kuwa, wani nau'in roba, kada ma ka gwada yanka shi: hayaƙinsa na da kulorin, yana illata huhu, ya sa inji tsatsa.